Kwalbar Bodka da Tsawon Ran Mazan Rasha, 1984 zuwa 2018

A 1984, idan aka haifi ɗa namiji a Rasha, lissafin masana ƙidayar jama'a yana ba shi shekara 61.7 a duniya, gwargwadon yadda mutuwa take ɗibar mutane a lokacin. A 1987 lissafin ya hau zuwa 64.9. A 1994 kuma ya rikito zuwa 57.6. Cikin shekarun nan goma babu annobar da ta ratsa ƙasar, ba a yi yunwa ba, ba a kuma shiga babban yaƙi irin na 1941 ba. Irin wannan lissafi a ƙasashen da ke da masana'antu da asibitoci tafiyar hawainiya yake yi, ƙarin wata biyu ko uku a shekara. Na Rasha kuwa ya yi tsalle sama da shekara uku, ya faɗo da fiye da bakwai. Da alkaluman suka isa hannun masana a Turai, tambayar farko da suka yi ita ce ko ma'aikatan rajistar mutuwa ne suka yi kuskure.

Amsar tana cikin kwalba, amma kafin a kai gare ta sai an san matsayin bodka a ƙasar. Barasa ce fara tas kamar ruwa, ana yin ta da hatsi ko dankali, kashi 40 cikin 100 nata zallar sinadarin maye ne, wato ta ninka giyar kwalba da aka sani wajen sau takwas a ƙarfi. Gwamnatocin Rasha sun daɗe suna cin abinci da ita. A 1894 ministan kuɗi Sergei Witte ya fara mayar da cinikinta hannun gwamnati kaɗai. Sarki Nicholas na Biyu ya hana sayar da ita a 1914 da aka shiga yaƙi, baitulmali ya ji a jikinsa, kuma a 1925 gwamnatin 'yan gurguzu ta dawo da ita kasuwa saboda tana neman kuɗin gina masana'antu. Hukumar da ya kamata ta tsare lafiyar mashayi ita ce mai kanti, kuma wannan cin karo na bukatu zai sake fitowa a duk matakin labarin.

Yadda ake shan ma yana da nasa tasiri. Bafaranshe ko Ba'italiye na iya shan ruwan inabi kofi ɗaya ko biyu a kan abinci kullum. A Rasha al'adar maza da yawa ita ce a buɗe kwalbar rabin lita a ƙarar da ita a zama ɗaya, mutum biyu ko uku, wani lokaci a bi ta da wata. Har suna da kalma, zapoi, ga wanda ya ɗauki kwana biyu ko fiye yana cikin maye ba ya farfaɗowa, ya bar aiki, ya bar gida, in ya farka ya ɗora daga inda ya tsaya.

Mikhail Gorbachev ya zama babban sakataren jam'iyyar kwaminis, wato jagoran Tarayyar Sobiyet wadda Rasha ke cikinta a lokacin, a watan Maris na 1985, kuma wata biyu kacal bayan haka ya buɗe yaƙi da shan barasa. Yegor Ligachev da Mikhail Solomentsev ne suka fi zaƙewa a kai cikin manyan jam'iyya. Daga 1 ga Yuni aka taƙaita sayar da barasa a ranakun aiki daga ƙarfe biyu na rana zuwa bakwai na yamma. Aka ɗaga shekarun mai saye daga 18 zuwa 21, aka rufe kantuna masu yawa, aka rage abin da masana'antu ke sarrafawa, aka ƙara farashi a 1985 aka sake ƙarawa a 1986. Wanda aka kama a buge a wurin aiki zai iya rasa aikin, ɗan jam'iyya kuma ya rasa katinsa. Aka riƙa tallata bukukuwan aure da babu barasa a cikinsu, ana nunawa a talabijin, mutane na dariya domin sun san abin da ke cikin butocin shayin da aka jera a teburin.

Jami'an larduna, kamar yadda suka saba, suka yi gasar wuce gona da iri. A Kirimiya da Moldoba da wasu sassan kudu aka tumɓuke gonakin inabi da aka yi shekaru ana renon su, alhali ruwan inabi ba shi ne ke kashe mutane ba. Layin sayen bodka ya riƙa zagaye gine-gine. Jama'a suka sauya wa Gorbachev laƙabi daga babban sakatare zuwa sakataren ruwan kwalba. Wani barkwanci ya yi yawo sosai a lokacin: wani mutum ya gaji da layin bodka, ya ce da na bayansa ya riƙe masa wuri zai je fadar Kremlin ya kashe Gorbachev. Can sai ga shi ya dawo. Aka ce, ka kashe shi? Ya ce ina, layin can ya fi wannan tsawo.

Masu dafa barasar gida, wadda suke kira samogon, suka samu kasuwa. Da sukari ake yin ta, don haka sukari ya ɓace daga kantuna har sai da aka koma raba shi da kati. Waɗanda abin ya riga ya kama suka koma shan turare da ruwan goge gilashi. Gwamnati kuma ta rasa kuɗin haraji mai yawa a daidai lokacin da farashin man fetur ya karye a 1986, ga kuma asarar fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a watan Afrilu na shekarar. A ƙarshen 1988 aka janye daga yaƙin a hankali ba tare da buga ganga ba. Wanda ya tambayi ɗan Sobiyet na zamanin zai ce masa shirme ne aka yi, kuma Gorbachev da kansa ya amsa daga baya cewa an yi garaje wajen aiwatarwa.

Sai dai makabarta ta ba da wani labarin daban. Cinikin kantunan gwamnati ya faɗi da fiye da rabi, amma samogon ta cike wani ɓangare na giɓin. Masanin Rasha Aleksandr Nemtsov, wanda ya shafe shekaru yana bin lamarin, ya ƙiyasta cewa abin da ake sha a zahiri ya sauka daga kusan lita 14 na zallar sinadarin maye ga kowane mutum a shekara zuwa lita 10 da 'yan kai. Ragin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Mutanen Rasha ba su daina sha ba, ragewa suka yi, kuma a kan dole. Wannan ragin ne ya zo tare da ƙarin shekara uku a tsawon ran maza, kuma a lissafin Nemtsov rayukan da suka tsira a shekarun sun haura miliyan ɗaya. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai cikin labarin duka, domin yawancin masu ba da shi sun fi son zancen layi da sukari.

A ƙarshen 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. A watan Janairu na 1992 aka saki farashin kaya, kuma cikin shekarar shugaban Rasha Boris Yeltsin ya cire hannun gwamnati daga mallakar cinikin barasa. Farashin burodi da nama da tufafi ya yi tashin gwauron zabo, na bodka kuwa bai bi su da irin wannan gudun ba, sai ta zama abu mafi araha da talaka zai iya saya ya manta da damuwarsa. Rumfunan bakin titi suka cika da ita dare da rana. Aka shigo da wata mai suna Royal daga waje, kusan zallar sinadari ce, kashi 96 cikin 100, ana surka ta da ruwan famfo. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: masana'antu na rufewa, albashi ba ya zuwa, ajiyar da mutane suka yi ta shekaru ta narke cikin hauhawar farashi. Cikin shekara uku tsawon ran maza ya zube ƙasa da inda yake kafin zuwan Gorbachev. Waɗanda suka fi mutuwa kuwa ba jarirai ba ne, ba kuma tsofaffi ba, waɗanda aka saba ganin talauci ya fara kayar da su. Magidanta ne 'yan shekara 30 zuwa 55.

David Leon na makarantar nazarin lafiyar jama'a ta Landan, tare da abokan aikinsa na Rasha, suka zauna suka tsefe takardun mutuwar shekarun 1984 zuwa 1994, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1997. Dabararsu mai sauƙi ce. Idan kuskuren lissafi ne, misali an ƙirga yawan jama'a ba daidai ba, to dole kowace irin mutuwa ta hau tare ta sauka tare. Sai suka tarar mutuwar gubar barasa, haɗarin mota, nutsewa a ruwa, kisan kai, kashe kai, ciwon huhu da cututtukan zuciya duk sun sauka a 1985 zuwa 1987 sun kuma hau a 1992 zuwa 1994. Mutuwar ciwon daji kaɗai ta tsaya kusan inda take. Wannan ya tabbatar da cewa alkaluman na gaskiya ne, kuma abin da ke juya su abu ne mai kisa da sauri.

Kada a ɗauka ciwon daji ya wanke barasa daga zargi. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, rukuni ɗaya da taba sigari. Idan barasa ta shiga jiki, hanta na juya ta zuwa wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta. An danganta ta da dajin baki, maƙogwaro, maƙoshi, hanyar abinci, hanta, babban hanji, da na mama ga mata. Amma ciwon daji shekara goma ko ashirin yake ɗauka yana ginuwa, don haka ragin shekara uku ba zai nuna a kansa nan take ba.

Zuciya ce ta ba likitoci mamaki. A wancan lokacin ana ta yayata cewa ɗan shan ruwan inabi na kare zuciya, sai ga ƙasar da mutuwar zuciya ke bin sawun kwalba. Bayanin yana cikin salon shan. Idan mutum ya kwankwaɗi barasa mai yawa a zama ɗaya, bugun zuciyarsa na iya rikicewa har ta tsaya farat ɗaya, jininsa na hawa, kuma bayan mayen ya sake shi jinin kan fi saurin daskarewa, abin da ke kawo toshewar jijiya da shanyewar ɓarin jiki. Shekaru na irin wannan sha suna sa tsokar zuciya ta saki ta kumbura. Ban da haka, binciken gawarwaki a birnin Barnaul na Saiberiya ya nuna cewa da yawa daga waɗanda aka rubuta musu ciwon zuciya a takarda suna da barasa a jini da ta kai ta kashe mutum ita kaɗai, domin idan ta yi yawa takan danne sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi. Ga kuma sanyi. Barasa na buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Wanda ya faɗi a buge a kan ƙanƙara cikin daren hunturun Saiberiya, da safe gawarsa ake ɗauka.

Bincike biyu da suka biyo baya sun sa wa lamarin adadi. A Izhevsk, birnin da ake ƙera bindigar Kalashnikov, Leon da tawagarsa sun bi gidajen mazan da suka mutu tsakanin 2003 da 2005 suna da shekara 25 zuwa 54, suka tambayi iyalansu yadda mamatan suke sha, suka kwatanta da rayayyun maza sa'o'insu. Sun kammala cewa kashi 43 cikin 100 na mutuwar ta samo asali daga mugun sha. Mafi haɗari su ne masu shan abin da ba don sha aka yi shi ba, irin su turare da jiƙon magani na kantin magani, waɗanda suka fi bodka ƙarfi kuma suka fi ta araha saboda babu harajin barasa a kansu. David Zaridze na cibiyar ciwon daji ta Mosko da Richard Peto na jami'ar Oxford kuma suka bi mutum 151,000 a biranen Barnaul, Biysk da Tomsk na tsawon shekaru, suka fitar da sakamako a 2014. Cikin maza masu shan taba 'yan shekara 35 zuwa 54, wanda ke shan kwalbar rabin lita uku ko fiye a mako yana da haɗarin mutuwa kashi 35 cikin 100 a cikin shekara ashirin. Wanda bai kai kwalba ɗaya a mako ba, nasa kashi 16 ne. A lokacin, ɗaya cikin kowane maza huɗu na Rasha ba ya kai shekara 55, alhali a Birtaniya kashi 7 ne cikin 100.

An yi gardama, kuma gardama ce mai ma'ana. Wasu masana sun ce rushewar tattalin arziki da sayar da masana'antun gwamnati cikin gaggawa ne suka kashe mutane, barasa hanya ce kawai. Wasu masana tattalin arziki uku, Jay Bhattacharya, Christina Gathmann da Grant Miller, sun duba lardi-lardi a 2013, suka ga cewa inda yaƙin Gorbachev ya fi tsanani nan mutuwa ta fi sauka, kuma nan ta fi hawa bayan an janye shi. Sun kuma lura cewa a jamhuriyoyin tsohuwar Sobiyet masu yawan Musulmi, inda dama shan bai kai haka ba, hawa da saukar ba su yi tsanani ba, duk da cewa su ma talaucin shekarun 1990 ya same su. Ni dai ban ga dalilin raba biyun ba. Rashin aiki da fargabar gobe suna tura mutum ga kwalba, arahar kwalbar kuma ita ke yanke ko zai kai gobe.

Zagaye na uku ya zo ba tare da hayaniya ba. A 2003 tsawon ran maza bai kai shekara 59 ba. Daga 2006 aka kawo sabon tambarin haraji da tsarin kwamfuta mai bin sawun duk litar da masana'anta ta fitar, aka kuma tilasta gurɓata sinadarin da ake sayar wa masana'antu don kada a sha. A ranar 1 ga Janairun 2010 aka sa farashi mafi ƙaranci, rubul 89 na kuɗin Rasha ga kwalbar rabin lita, aka riƙa ɗaga shi. A 2011 shugaban ƙasa na lokacin, Dmitry Medvedev, ya sa hannu a dokar da ta lissafa giyar kwalba cikin kayan maye, domin kafin nan doka na kallon ta kusan kamar lemo. Aka hana sayar da barasa a kantuna daga ƙarfe 11 na dare zuwa 8 na safe, aka kore ta daga rumfunan bakin titi a 2013, aka cire tallarta daga talabijin da rediyo da intanet da jaridu. Ba a tumɓuke gonar kowa ba, ba a yi layi ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Oktoban 2019 ya ce shan barasa a Rasha ya ragu da kashi 43 cikin 100 tsakanin 2003 da 2016. Mutuwar maza ta ragu da kashi 39 cikin 100 daga 2003 zuwa 2018, ta mata da kashi 36. Kuɗin man fetur, gyaran asibitoci da raguwar shan taba duk sun taimaka, amma mutuwar da ta fi saurin sauka ita ce mai alaƙa da barasa kai tsaye.

Abin da ya sa amfanin ragewa ke fitowa da wuri haka a lissafin ƙasa shi ne haka yake fitowa a jikin mutum ɗaya. Daren da mutum bai bugu ba, babu haɗarin mota na maye, babu faɗan wuƙa a kan maganar banza. Kitsen da barasa ke tarawa a hanta, wanda shi ne matakin farko na lalacewarta, kan narke cikin 'yan makonni idan aka daina. Hawan jinin mai sha da yawa na sauka idan ya rage, barci na gyaruwa. Idan kuwa hantar ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, ba ta komawa yadda take, amma dainawa na tsayar da ɓarnar, kuma tana ƙara wa mai ciwon shekaru. Akwai kashedi ɗaya da likitocin Rasha suka sani sarai: wanda jikinsa ya saba da sha kullum, idan ya yanke lokaci ɗaya, bayan kwana biyu ko uku zai iya kamuwa da karkarwa, farfaɗiya da gane-gane, abin da suke kira farin zazzaɓi, kuma yana kisa. Irin wannan mutum a gaban likita ya kamata ya daina.

Tsohuwar jarabar gwamnati ba ta mutu ba. A watan Fabrairun 2015, da tattalin arziki ya shiga matsi, aka sauko da farashi mafi ƙaranci daga rubul 220 zuwa 185, da hujjar kada mutane su koma ga ta bayan fage. Duk da haka, a watan Disamban 2016 mutum fiye da 70 suka mutu a birnin Irkutsk bayan sun sha wani ruwan wanka mai suna Boyaryshnik da talakawa suka saba saye a madadin bodka. Wannan karon an haɗa shi da metanol, sinadarin da jiki ke juyawa zuwa guba mai makantarwa da kisa, irin wanda ya kashe masu shan ogogoro a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Bayan Irkutsk gwamnati ta dakatar da sayar da irin waɗannan ruwaye masu ƙarfin maye, ta yi ta sabunta dakatarwar.

A 2018 tsawon ran mazan Rasha ya kai kusan shekara 68, mafi yawa a tarihin ƙasar zuwa lokacin, na mata kuma 78. Tazarar shekara goman nan tana cikin mafi faɗi a duniya, kuma ana ganinta da ido a ƙauyukan tsakiyar ƙasar, inda tsofaffin mata ke zaune a kan benci a ƙofar gidajen katako, mazajensu sun riga su tun a shekarun 1990.